Zango a Ghana: Zaman Da Goro Ya Haɗa

Duk lokacin da aka yi maganar Hausawan Ghana, nakan lura mutane sun fi tuna sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙananan mu'amaloli: ciniki a bakin kasuwa, gaisuwar maƙwabta, da kwanon abincin da ake miƙawa ta kan katanga. A ganina waɗannan ne suka riƙe zaman zango.

Asalin abin fataucin goro ne. Tun kafin zuwan Turawa, ayari kan tashi daga Kano da Katsina ƙarƙashin madugu, a yi wata da watanni a hanya kafin a isa Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja. Fatake su kai kanwa da tufafi da kayan fata, su dawo da goron da ke fitowa daga dazukan Asante, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa. Inda ayari ya sauke kaya ya kwana shi ne zango. Da tafiya ta yi tafiya, wasu suka ƙi komawa gida, suka yi aure, zango ya zama unguwa.

Mutumin da ya fi kowa muhimmanci a wannan zama shi ne maigida. Shi ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya samo masa dillali, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa idan za a ba da bashi. Bahaushen da bai san kalma ko ɗaya ta Twi ba, ta hannun maigida yake ciniki da Batone har su rabu lafiya. Fadar Asante ma ta amfana da baƙin. Baturen Ingila Bowdich, da ya je Kumasi a 1817, ya tarar da malamai Musulmi suna da faɗa a ji a wurin sarki Osei Bonsu, ana neman su don rubutu da addu'a, alhali sarkin bai musulunta ba.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan hanyoyin arewa ya yi rauni. Sai kuma yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga a 1892, fatake da malamai suka watse. Daga cikinsu akwai Alhaji Umaru, malami kuma marubucin waƙoƙi haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Wasu suka nufi Kumasi, wasu Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. A can ne Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, a kan filin da ya samu daga mutanen Ga, masu ƙasar.

Mai karatu, in kana son ganin sawun wannan tarihi, duba abin da ɗan Ghana ke karyawa da shi. Da safe Kirista da Musulmi layi ɗaya suke bi wurin mai koko da ƙosai, har sunan da ake kiransa da shi ke nan, Hausa koko. Shinkafa da wake ita ce ta zama waakye, abincin da ƙasar ke alfahari da shi. Tuwo mai zafi ya zama tuo zaafi. 'Yan matan da ke dakon kaya a kasuwanni kuwa kayayei ake ce musu, rabin kalmar Hausa, rabi yaren Ga. Zangon kansa ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Mosi da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani da Yarbawa da Kotokoli, sai Hausa ta zama harshen da ke haɗa su, yaransu kuma su tashi da Twi ko Ga a baki.

Amma Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a zango, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka sayar da kayansu a wulaƙance suka hau mota. A 1983 Nijeriya ta yi irin nata a zamanin Shagari, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka fita, har jakar nan ta sami sunan Ghana Must Go. A 2012 ma an yi rikici a Hohoe tsakanin mutanen zango da 'yan gari kan binne gawar limami. Duk waɗannan suna nuna cewa tambayar wane ne baƙo, wane ne ɗan ƙasa, ba ta mutu ba, ko bayan zuriya huɗu ko biyar.

Shi ya sa nake ganin girman abin da Babban Limamin Ghana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya yi a Afrilun 2019. Yana cika shekara 100, ya je cocin Katolika na Christ the King a Akra lokacin bikin Ista, aka tarbe shi da girmamawa. Mutanen waje sun yi mamaki. 'Yan zango da yawa kuwa abin da suka saba ne aka yi a bainar jama'a, domin ran Sallah sukan aika wa maƙwabcinsu Kirista nama, shi ma ya tuna da su ran Kirsimeti.

Mu da ke da Sabon Gari a Kano da Zariya, ya kamata mu riƙa tuna cewa 'yan uwanmu ma baƙi ne a Kumasi da Akra. Yadda muke so a riƙe su can, haka ya kamata mu riƙe baƙonmu a nan.