Da gaske ne finafinan da sun fi tarbiyya?

Duk inda iyaye suka haɗu a Damargu, ko a taron iyayen yara na lakwal ko a wurin suna, da wuya a tashi ba a taɓo zancen wayar hannu da abin da yara ke kallo a cikinta ba. Hukuncin kuma kusan ɗaya ne: finafinan da sun fi tarbiyya. Idan ka nemi misali sai a ce maka Sangaya ko Wasila, wani dattijo ya ƙara da Samanja. Ni ma ina son su, amma mu malamai ya kamata mu bi sawun tarihi kafin mu sa hannu a wannan hukunci.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a Nijar talabijin ta ƙofar aji ta shigo. A 1964 aka fara talabijin ta makaranta a Yamai da taimakon Faransa, ana koyar da yaran firamare ta cikin akwati. Sai a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, aka kafa Télé Sahel don jama'a baki ɗaya. Akwatin bai yawaita a gidaje ba, shi ya sa kallo ya zama na taro. A lokacin ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Yazi Dogo a Damagaram ta yi suna; shi kansa malamin makaranta ne, kuma dariyar da yake sa mutane tana ɗauke da gargaɗi. A Kaduna kuwa akwai Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero na Karambana. Waɗannan wasanni gidajen gwamnati ne ke watsa su don faɗakarwa, saboda haka wanda ya ce suna da darasi bai yi ƙarya ba.

Labarin kaset daban ne. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ake lissafawa a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo. Daga Kano kaset ya biyo hanyar fatake ta da, ya iso Damagaram, ya hau titin Agadas zuwa Tanut. Inda babu wutar lantarki, irin ƙauyukan Belbeji da Tenhiya, sai da janareta, ko dai a gidan mai hali ko a gidan kallo.

To, Sangaya ta fito a 1999, Wasila a 2000. A nan ne tunawarmu take yi mana rowa. Waɗannan finafinai da muke yaba wa yau, su ne iyayenmu suka tsine wa a lokacin. An ce rawa da waƙar da ke ciki kwaikwayon Indiya ne, an ce cuɗanyar maza da mata tana lalata ƴan mata. Wasila fa labarin matar aure ce da ta ci amanar mijinta! Ƙorafin ya yi ƙarfin da a ƙarshen 2000, shekarar da Kano ta ƙaddamar da shari'a, gwamnatin jihar ta dakatar da harkar fim, sannan ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Yaron da aka zane saboda ya saci jiki ya je kallon Sangaya, shi ne uban da yau yake kafa hujja da ita.

Abin da ya canja sosai, a ganina, shi ne yadda ake kallon. Akwati ɗaya ne a tsakar gida, an shimfiɗa tabarma, kaka tana nan, maƙwabta sun shigo. Ba a yin shiru. Wata ta ce wa ta cikin fim Allah ya isa, wani ya kare ta, a yi ta musu har kaset ya ƙare, gobe a ci gaba a bakin rijiya. Idan aka zo wurin da bai dace ba, gyaran muryar mai gida ya isa a tura kaset gaba. Babu wanda ya karanci fim a cikinsu, amma yaro yana jin manya suna auna halin mutum, suna saɓani, kowa yana kawo dalilinsa. Tarbiyyar da muke jingina wa fim, rabinta daga bakin waɗannan masu sharhi ta fito.

Yanzu an tashi daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa katin waya da ake tura wa fim a kasuwa da ƴan kuɗi kaɗan. Yaro na kallon fassarar Indiya shi kaɗai, da abin sauraro a kunne. Ba lallai ne fim ɗin ya fi Wasila muni ba. Babu dai wanda zai tanka.

Malami na iya gwada wannan a aji ba tare da ya kashe ko dala ba. Ka ce ɗalibai su kawo labarin wani tsohon fim daga bakin iyayensu, su kuma tambayo abin da kakanninsu suka ce a kansa sanda ya fito. A rubuta ra'ayoyin biyu a allo, a bar yara su yi musu.