Binciken Jami'a da Gonar Talaka: Daga Samaru zuwa Gaya da Ajingi

Duk wanda ya ratsa ƙasar Gaya da Ajingi da damina zai ga gero da dawa da wake a gona guda, wani lokaci har da gyaɗa. Shekaru da dama malaman gona suna ɗaukar wannan a kan jahilci, suna yi wa talaka nasiha ya ware kowane iri a gonarsa, kamar yadda ake yi a Ingila.

Jami'ar Ahmadu Bello ce ta warware wannan zance. A tsakiyar shekarun 1960 aka kafa sashen binciken tattalin arzikin karkara a Samaru, ƙarƙashin David Norman. Daga 1966 zuwa 1967 ma'aikatansa suka zauna a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi ta ƙasar Zazzau, suna rubuta sa'o'in aikin kowane gida da abin da ya girba. Sakamakon ya nuna cewa gaurayen shuka ya fi ba da riba a eka guda, ya kuma fi tsare gida daga yunwa idan ruwa ya yi gardama. Suka gano kuma babbar matsalar manomi ita ce ƙarancin hannuwa a lokacin noman Yuni da Yuli. Watau dai talaka yana da lissafinsa, masu ba shi shawara ne ba su tambaye shi ba. Farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 sun gaskata wannan lissafi da tsada, domin wanda ya dogara ga gyaɗa kaɗai shi ya fi kowa shan wuya.

To, ina gwamnati ta kai wannan ilmi? A nan ne abin takaici yake. Kuɗin fetur ya nufi madatsar Tiga da noman rani na Kadawa. Shirye-shiryen Bankin Duniya da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975 suka dogara ga takin zamani mai rangwame da masara. A farkon shekarun 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar KNARDA bisa wannan tsari, Gaya kuwa ta zama hedkwatar ɗaya daga cikin shiyyoyinta. Amma masara tana son ruwa da taki fiye da abin da jigawar Ajingi za ta iya bayarwa, takin kuma yakan iso a makare, ya fara biyawa ta hannun masu hali. A ganina jami'a ma tana da laifi: rahotanninta da Turanci aka rubuta su, suka fi samun masu karatu a Amurka a kan sakatariyar ƙaramar hukuma.

A 2001 aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Wudil, maƙwabciyar Gaya, tana da tsangayar aikin gona. Ɗalibanta ba sai sun je Zariya ba kafin su tsaya a gonar gero su ƙirga sa'o'in noma.