Garuruwan da hanya ta haifa a kan tuddan Siyena

Tarihin wannan makon zai kai mu tsakiyar ƙasar Italiya, yankin Toskana, inda birnin Siyena yake zaune a kan tudu uku, kudu da birnin Fulorans. Wanda ya fita bayan gari zai ga tuddai jere da juna, da gonakin alkama da inabi da zaitun, kusan kowane tudu da ɗan garinsa mai ganuwa a bisa. Masu yawon buɗe ido suna zuwa kallon kyau ne. Amma me ya sa aka gina garuruwan nan a can sama, kuma me ya sa har yau suke kamar yadda aka bar su shekaru ɗaruruwa?

Amsar tana ga hanya. Akwai tsohuwar hanya da ake kira Via Francigena, wadda masu ziyarar ibada da fatake daga Ingila da Faransa suke bi zuwa Roma. A shekarar 990 babban limamin cocin Kantabari, Sigeric, ya rubuta zangon da ya yada ɗaya bayan ɗaya a hanyarsa ta komawa gida, kuma Siyena da San Jiminyano suna cikin jerin. Duk inda matafiyi ya sauka, to akwai mai masauki da mai abinci da mai canjin kuɗi. Da haka Siyena ta zama birnin attajirai masu ba da rance.

San Jiminyano kuwa ta yi arziki da cinikin za'afaran. Manyan gidajen garin suka shiga gasar gina hasumiya, kowa yana so tasa ta fi ta maƙwabcinsa tsawo, har aka ce sun kai 72. Yau 14 ne suka rage, mafi tsawo a cikinsu mita 54.

Inda akwai dukiya, akwai mai hangenta. Siyena da Fulorans sun daɗe ba sa ga maciji da juna. Saboda haka ne a farkon ƙarni na 13 mutanen Siyena suka gina Monterijoni a kan wani tudu, suka kewaye shi da ganuwa mai hasumiya 14, don tsare hanyar arewa. A 1260 aka gwabza a Montaperti, Siyena ta yi nasara. Wajen 1338 hukumar birnin ta sa mai zane Ambrogio Lorenzetti ya zana hoton mulki nagari da mugun mulki a bangon zauren majalisa. A ɓangaren mulki nagari an nuna manoma a gona da jakuna ɗauke da kaya suna shiga gari lafiya. Wato shugabannin sun san cikin birni ba ya ƙoshi sai ƙauye ya zauna lafiya.

Shekara goma bayan haka, a 1348, annobar da ake kira Baƙar Mutuwa ta sauka, ta kashe wajen rabin mutanen Siyena. Aikin faɗaɗa babban cocin birnin ya tsaya cak, kuma bangon da ba a ƙarasa ba yana nan tsaye har yau. San Jiminyano ta miƙa wuya ga Fulorans a 1353. Fatake kuma suka koma bin hanyar kwari, suka bar ta a kan tudunta. A 1554 kwamandan Monterijoni ya buɗe wa abokan gaba ƙofa, a 1555 yunwa ta sa Siyena ta sallama bayan doguwar ƙawanya. Wasu iyalai da suka ƙi yarda suka koma garin Montalcino, suka ci gaba da riƙe tutar birninsu har 1559.

Daga nan yankin ya shiga dogon barci. Babu kuɗin rushe tsoho a gina sabo, shi ya sa gine-ginen suka tsira. Manoma suka ci gaba da noman raba-daidai, rabin amfanin gona nasu, rabi na mai ƙasa. Bayan yaƙin duniya na biyu matasa suka watse zuwa biranen masana'antu, makiyaya daga tsibirin Sardiniya suka zo da tumakinsu suka karɓi gonakin da aka bari.

Abin da talauci ya adana shi ne yake ciyar da jikokinsu yau. UNESCO ta saka San Jiminyano cikin wuraren tarihi na duniya a 1990, Siyena a 1995, kwarin Orciya a 2004. Sai dai a tsakiyar wasu garuruwan shagunan tsaraba sun maye gurbin gidajen zama, 'yan gari suna komawa bayan ganuwa. A da hanyar fatake ce ta riƙe su, da ta kauce suka durƙushe. Yanzu hanyar baƙi 'yan kallo ce take riƙe da su.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.