Ngigmi, tashar da ruwa ya guje wa

A 1897 ne jirgin ruwa mai tururi ya fara shiga tabkin Cadi. Sunansa Léon Blot. Bafaranshe Émile Gentil ya sa ƴan dako suka ɗauko shi gunduwa-gunduwa daga yankin Kwango, aka harhaɗa, ya gangaro ta kogin Shari. Neman ƙasa ya kawo shi, ba fatauci ba, kuma bai raya wata tasha ba.

Ngigmi, a gaɓar arewa maso yamma, da kifi ta rayu. Buduma na kawo shi cikin kwale-kwalensu na ciyawa, daga baya masunta Hausawa suka zo da jiragen katako da koma, fatake na lodin banda zuwa kasuwannin Najeriya. A 1963 faɗin tabkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi biyu, ɓangaren arewa ya riƙa ƙafewa, har aka noma masara inda dā ake jefa taru. Masunta suka bi ruwa zuwa tsibirai. A 2015, bayan hare-haren Boko Haram, hukuma ta kwashe su daga can.