Kwamfutar da ke kashe kanta: daga duniyar Mas zuwa Ƙofar Ɗan Agundi

A gefen kudu na badalar Kano, daura da Ƙofar Ɗan Agundi, akwai tashar lantarki da ta ci sunan ƙofar. Wutar da ke isa wurin daga Kumbotso take tasowa, inda layin Kaduna ke sauke ta da ƙarfin bolt 330,000. A Kumbotso ake rage ta zuwa 132,000, a Ɗan Agundi a mayar da ita 33,000, sannan taransifomomi su yi ta sassauta ta har ta shiga soket ɗin gida tana kimanin 230. Zangon ƙarshe shi ne caja, wadda ke fitar da bolt 5 kacal.

Da waɗannan bolt biyar ɗin ne wani jinsin kwamfutoci ke rayuwa: kwamfuta mai falle ɗaya, wadda aka harhaɗa ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta da ƙofofin wayoyinta a kan faranti guda da bai fi katin ATM ba. Wadda ta fi shahara ita ce Raspberry Pi. Ɗaliban injiniya na gina aikin kammala karatu a kanta, masu sana'a kuma na ɗora mata lura da batirin sola ko kyamarar tsaro. Duk wanda ya daɗe da ita ya san halinta: tana cikin aiki sai ta sandare, ko ta mutu ta farfaɗo babu wanda ya taɓa ta. Maganin da aka saba shi ne a kashe a kunna. Wannan magani yana da tarihi na fiye da shekara 50, kuma tarihin ya nuna inda amfaninsa ya tsaya.

Sarkin ƙofa na cikin inji

A zamanin da ganuwa ke aikinta, kowace ƙofar Kano na da sarkin ƙofa. Shi ke buɗewa da safe, ya rufe da dare, ya san mai shiga da mai fita. A cikin kwamfuta ma akwai mai irin wannan matsayi, masana na kiransa kenel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da injin. Shi ke yanke wace manhaja za ta yi aiki yanzu, wace za ta jira, wa zai taɓa ma'ajiya, wa zai yi magana da waya. Idan ƙaramar manhaja ta lalace, kenel ya kore ta, aiki ya ci gaba. Idan kuwa shi kansa kenel ɗin ne ya rikice, babu na sama da shi da zai tsawata masa.

Amsar da aka fi sani ga wannan matsala daga ɗakunan binciken Bell Labs da ke Amurka ta fito, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina manhajar Unix a 1969. Kafin nan sun yi aiki a kan wani katafaren tsari mai suna Multics. Tom Van Vleck, ɗaya daga masu gina Multics, ya ba da labarin cewa ya taɓa gaya wa Ritchie kusan rabin abin da yake rubutawa na farfaɗowa ne daga kuskure. Ritchie ya amsa masa cewa su sun watsar da duk wannan: in abu ya ɓaci akwai umarni guda da suka raɗa wa suna firgici, injin ya tsaya cak, sai a ƙwalla wa wani kira ya sake kunnawa.

Akwai hikima a cikin wannan gajeren hanya. Kenel da ya daina sanin abin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, in ya ci gaba da aiki, yana iya rubuta shirme a kan bayanan da aka adana. Gara ya ja ƙofa ya rufe. Linux, wanda Linus Torvalds ya sanar da fara shi a watan Agustan 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ya gaji wannan ɗabi'a, kuma shi ne ke cikin mafi yawan kwamfutoci masu falle ɗaya a yau. Kafin ya tsaya yakan bar wasiyya: 'yan layuka da ke nuna aikin da yake yi da jerin matakan da suka kai shi ga faɗuwa.

Sai dai a Bell Labs akwai mutum a ɗaki na gaba. Injin da aka kafa inda babu kowa fa? Don irinsa aka ƙirƙiri agogon gadi, ɗan ma'auni da ke ƙirga lokaci yana jiran manhaja ta taɓa shi a kai a kai. In lokaci ya cika bai ji motsinta ba, sai ya kashe injin ya kunna da kansa.

Yulin 1997

Ranar 4 ga Yulin 1997 kumbon Pathfinder na hukumar NASA ya sauka a duniyar Mas, ɗauke da 'yar motar bincike mai suna Sojourner. Ƙwaƙwalwar kumbon kwamfuta ce mai falle ɗaya, samfurin RAD6000, da aka ƙera don jure tururin sararin samaniya, tana tafiya da manhajar VxWorks. Kwanaki kaɗan da sauka sai ta fara kashe kanta tana kunnawa. Bayanan da aka riga aka tara ba su salwanta ba, amma duk lokacin da haka ta faru sauran ayyukan yinin sai washegari, ga shi kuwa kwanakin kumbon ƙidayayyu ne.

Abin da ke faruwa ya fi sauƙin fahimta a bakin ƙofar gari. A ce mabuɗin ƙofa ɗaya ne, wani ƙaramin yaro ya karɓa don ɗan aikin da ba zai ɗauki lokaci ba. Kafin ya mayar, sai ayarin fatake ya danno, kowannensu ya girme shi, aka ture shi gefe da mabuɗin a hannu. Can sai ga manzon sarki da saƙon gaggawa. Ya fi fataken daraja, amma ba zai wuce ba sai da mabuɗi, yaron kuma ba zai iya kutsowa ba sai fatake sun gama wucewa. Ta haka na tsakiya suka tsare na sama, ba tare da sun ma san yana jira ba.

A cikin Pathfinder, yaron shi ne manhajar tattara bayanan yanayi, mai ƙaramin matsayi. Manzon sarki shi ne manhajar rarraba bayanai tsakanin sassan kumbon, wadda dole ta kammala zagayenta sau 8 a kowace daƙiƙa. Akwai wata manhaja a samanta da ke duba ko ta gama a kan lokaci. Duk ranar da ta tarar ba ta gama ba, sai ta ɗauka babbar ɓarna ta auku, ta sake kunna kwamfutar gaba ɗaya. Mai gadin bai yi kuskure ba, abin da aka ɗora shi a kai ya yi.

Yadda aka gano bakin zaren shi ne abin lura. Glenn Reeves, wanda ya jagoranci masu rubuta manhajar kumbon a cibiyar JPL da ke Kalifoniya, ya yi bayaninsa a ƙarshen wannan shekarar. Suna da tagwayen kwamfutar a ɗakin gwaji. Sun kuma bar kayan bin sawu a cikin manhajar da ta tafi Mas, ba su cire su ba don rage nauyi, domin ƙa'idarsu ita ce abin da aka gwada shi za a harba. Suka kunna bin sawun, suka yi ta maimaita ayyukan da kumbon ke yi, cikin ƙasa da awa 18 matsalar ta bayyana a gabansu da cikakken tarihin wanda ya riƙe mabuɗi da wanda ya jira. Ba a fafe gora ranar tafiya: da an cire waɗannan kaya kafin harbawa, da sai dai hasashe.

Maganin ma ya riga cutar zuwa. A 1990 Lui Sha da Ragunathan Rajkumar da John Lehoczky sun wallafa dabarar aron matsayi: in babba na jiran mabuɗin da ke hannun ƙarami, sai a ara wa ƙaramin darajar babban har ya gama ya miƙa. Wato a sa dogarai su buɗa wa yaron hanya. VxWorks na da wannan dabara, amma a kashe take a kan wannan mabuɗin. Aka gwada gyaran a ƙasa, aka aika da shi ta rediyo, kumbon ya ci gaba da aiki har 27 ga Satumba, ranar da aka ji daga gare shi na ƙarshe. Linux ya karɓi irin wannan mabuɗi mai aron matsayi a 2006.

Akwai wani ɓangare mai ɗaci a bayanin Reeves. An taɓa ganin wannan sake kunnawa a gwaji tun kafin sauka, ba a iya maimaita ta ba, hankali kuma na kan manhajar sauka, wadda in ta gaza komai ya ƙare. Sai da kumbon ya fara tara bayanai fiye da yadda aka zata sannan abin da ake gani jefi-jefi ya zama na kullum.

Kwamfutar dala 35

Ranar 29 ga Fabrairun 2012 aka fara sayar da Raspberry Pi, wadda Eben Upton da abokansa suka tsara a Kambirij ta Ingila don yara su koyi rubuta manhaja. Dala 35 ce kuɗinta a lokacin. Abin da a da sai manyan cibiyoyi ke mallaka ya shiga hannun miliyoyin mutane, da shi da ciwon kansa.

Tarihin matsalolinta ya koyar da darasi na biyu: sau da yawa kenel ne ke faɗuwa, amma ba shi ne mai laifin ba. A Fabrairun 2015, jim kaɗan da fitowar Raspberry Pi 2, wani mai amfani da ita ya lura tana mutuwa duk sa'ad da ya ɗauke ta hoto. Aka bi diddigi aka gano hasken filashin kyamara ne ke ratsa wani ɗan ƙanƙanin sashe mai daidaita wuta da ba shi da rufi, ya rikita shi. Ɗan abin da zai tare haske da aka manna a kai ya wadatar. A 2019 kuma Raspberry Pi 4 ta ƙi karɓar wuta daga wasu wayoyin USB-C masu tsada, saboda an sa 'yar na'urar tauye wuta guda ɗaya inda ƙa'ida ta ce biyu. Sai da aka gyara farantin a fitowa ta gaba.

Waɗannan su ne na ban mamaki. Na yau da kullum uku ne. Na farko wuta: in ƙarfinta ya sauka ƙasa da kimanin bolt 4.63, kwamfutar na nuna alamar walƙiya ko ta rubuta gargaɗi a kundin aikinta, ta rage gudu. In ya ƙara sauka, lissafi ya fara kuskure, kenel ya faɗi a wurare mabambanta da ba su da alaƙa da juna. Na biyu zafi: daga digiri 80 zuwa 85 a ma'aunin Selshiyos take fara rage wa kanta gudu. Na uku katin ajiya, wanda duk manhajar ke zaune a kansa: in wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, yana iya lalacewa har injin ya kasa tashi.

Komawa Ɗan Agundi

Duk ukun sun fi tsanani a Kano. A watan Afrilu zafin gari kan haura digiri 40, kwamfutar da aka kulle a akwatin roba ƙarƙashin rufin kwano ta riga ta ci rabin tazararta kafin ta fara aiki. Wuta kuwa labarinta sananne ne. A Oktoban 2024 mafi yawan jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da katsewar layin Ugwuaji zuwa Apir. Ko a ranakun da babu irin wannan, kowane sauyi daga wutar gari zuwa janareta yankewa ce ta 'yan daƙiƙu, kuma kowace yankewa caca ce da katin ajiya. Amma ko ɓera da sata, daddawa ma da wari. Caja mai kyau tana jure hawa da saukar wutar gari daga bolt 100 zuwa 240. Caja mai arha da siririyar waya su ke zubar da rabin bolt a tazarar taku ɗaya, bayan wutar ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita lafiya.

Abin da injiniyoyin Pathfinder suka yi ba ya buƙatar kuɗin NASA. Matakin farko shi ne a sami shaida. Wasiyyar kenel a ƙwaƙwalwar wucin gadi take, kashewa da kunnawa na share ta, shi ya sa ƙwararru ke jona wata kwamfutar da waya uku a ƙafafun farantin don ta kama layukan ƙarshe. Raspberry Pi kuma na riƙe da alamar ko wuta ta yi ƙasa ko zafi ya yi yawa tun daga kunnawar ƙarshe, umarni guda ke fito da ita. Akwai tarko a nan: samfuran da suka gabaci Raspberry Pi 5 ta 2023 ba su da agogo mai batiri, don haka in babu intanet lokutan da ke cikin kundin na iya zama ƙarya bayan ɗaukewar wuta. Littafi da biro a gefen injin, a rubuta awa da yanayin wuta da zafin rana, na cike wannan giɓi.

Mataki na biyu shi ne a sa matsalar ta maimaita kanta da gangan, a ɗora wa injin aiki mai nauyi da tsakar rana a ga ko zai faɗi. Na uku a canja abu ɗaya tak a kowane gwaji: caja yau, kati gobe, tsohon kenel jibi. Faɗuwa a wuri guda kullum na nuni ga manhaja. Faɗuwa a wurare barkatai na nuni ga wuta ko zafi ko kati.

Agogon gadi yana nan a cikin Raspberry Pi, kuma ya kamata a kunna shi ga duk injin da za a bari shi kaɗai. Haka nan ana iya mayar da katin ajiya na karatu kawai, don yankewar wuta ta same shi ba ya rubutu. Sai dai agogon gadi na iya ɓoye cuta. Injin da ke farfaɗowa da kansa cikin minti guda zai iya yin haka sau goma a dare babu wanda ya sani, alhali a kowane karo akwai minti guda da kyamarar shago ba ta ga komai ba, ko ma'aunin sanyin firjin magani bai rubuta komai ba. Ruwa ba ya tsami banza. Pathfinder ma farfaɗowa yake yi kowane karo, kuma da mutanen JPL sun gamsu da hakan, da haka zai yi ta zubar da rabin yini har batirinsa ya ƙare. Tambayar da za a yi wa duk wanda ya kafa irin wannan inji a ofis ko asibiti ko shago ita ce: sau nawa ya sake kunna kansa a watan jiya, kuma a ina aka rubuta?