Aiki Mai Wa'adi a Ikilisiya: Ma'anarsa da Ire-irensa

Aiki mai wa'adi shi ne wanda ke da ranar farawa, ranar gamawa, da abin da ake so a gani a ƙarshe. Sujadar Lahadi, ziyarar marasa lafiya da biyan kuɗin wuta hidima ce ta yau da kullum, ba ta ƙarewa. Amma gina majami'a, haƙa rijiyar burtsatse ko shirya taron zumuntar mata aiki ne mai wa'adi. Ikilisiyar da ta zuba kuɗin biyun a asusu ɗaya takan bar gini a linta shekara da shekaru, domin kuɗin bulo ya tafi wajen man janareta.

Ginshiƙai uku

Kowane aiki yana tsaye a kan girmansa, lokacinsa da kuɗinsa. In aka taɓa ɗaya, sauran biyun sai sun motsa. Idan dattawa suka ƙara ofishin fasto a kan zanen gini, dole kuɗi ya ƙaru ko wa'adi ya tsawaita. Jinkiri ma kuɗi ne: kasafin da aka yi kafin cire tallafin mai a watan Mayu 2023 bai kai ko'ina ba bayan haka. Shi ya sa a Luka 14:28-30 Ubangiji Yesu ya nuna cewa lissafi ne ke zuwa kafin harsashi.

Matakai biyar

Masana sukan kasa aiki zuwa amincewa, tsarawa, aiwatarwa, sa ido da rufewa. Nehemiya ya bi irin wannan hanya: ya nemi izinin sarki, ya zagaya ganuwar Urushalima da dare, ya raba aikin ga iyalai, ya sa masu tsaro, aka gama cikin kwana 52. Matakin da aka fi mantawa shi ne rufewa, wato biyan magina hakkinsu, karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a da ajiye rasidai.

Hanyoyin rarraba ayyuka

Ta abin da za a samu: akwai na gini, na taro, na koyarwa da na taimako. Na gini yana bukatar takardar mallakar fili da izinin hukuma tun kafin a sauke yashi.

Ta girma: ƙaramin aiki, kamar gyaran benci, mutum biyu sun isa. Babba yana bukatar kwamiti, rubutaccen kasafi da amincewar gunduma.

Ta inda kuɗi ya fito: baikon ikilisiya, alkawarin membobi, ko gudummawar waje. Kuɗin da aka bayar domin rijiya ba a karkatar da shi zuwa rufi sai da yardar mai bayarwa.

Ta gaggawa: akwai na dole, kamar rufin da iska ta yaye, akwai kuma wanda zai iya jira, kamar fenti.

Amfani a Takur da kewaye

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, aka kuma kafa jami'ar tarayya a 2011, membobi da dama ma'aikata ne da ɗalibai. Ana iya yi wa ma'ajin kwamiti canjin wurin aiki kafin a kai rufi, don haka a rubuta komai, sa hannu a banki kuma kada ya zama na mutum ɗaya. A tsara rufi kafin saukar damina a watan Yuni. A ikilisiyoyin ƙauye kuwa, a jira kaka kafin a nemi cika alkawari.

Kafin a sanar da sabon aiki daga bagadi, bari dattawa su amsa tambaya huɗu a rubuce: wane irin aiki ne, nawa zai ci, yaushe za a gama, wa zai ba da lissafi? Baikon gwauruwa amana ce, kuma Allah zai tambaye mu.