Tarihin rubutu a cikin wasannin bidiyo, da inda ƙ, ɗ da ɓ suka maƙale

1/ Jama'a, yau zan ɗan ja zare kan abin da kowa ke gani a gem amma ba a cika tanka masa ba: rubutu. Sunan ɗan wasa, maki, hirar da ke fitowa a ƙasan allo. Ku biyo ni sannu, don a ƙarshe maganar za ta iso kan haruffanmu na Hausa. 🧵

2/ Mu fara da Famicom, na'urar da Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wadda ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. A wurinta harafi hoto ne kawai. Komai na allo an gina shi da ƙananan tayil, kowanne ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance.

3/ Taskar tayil ɗin shimfiɗar allo guda 256 take ɗauka a lokaci guda. A ciki za a zana bango, bishiya, ruwa, gajimare, sannan haruffa. Kowane harafi da ka saka, ka hana wani zane wuri ke nan. Ka ga ashe rubutu tsada gare shi.

4/ Misalin da na fi so shi ne Dragon Quest na 1986. Duk wasan kilobayit 64 ne, hoto ɗaya na wayarka ya ninka shi sau da yawa. Saboda ƙarancin wuri, haruffan katakana kusan 20 kawai aka zuba. Sunayen dodanni da na tsafi sai da aka ƙera su daidai da haruffan da ke akwai.

5/ Haka Final Fantasy da ya fito da Turanci a 1990. Sunan jarumi harafi huɗu ne, ba ƙari. Sunayen tsafi ma haka, shi ya sa tsafin tsawa ya koma LIT. Da Abdullahi ne ke bugawa, sai dai ya haƙura da ABDU.

6/ Da na'urori suka ƙara ƙarfi, dabarar ba ta canja sosai ba. A zana duk haruffa a kan hoto ɗaya babba, a rubuta inda kowanne yake, injin wasa ya riƙa yanko su yana jerawa. Wannan hoton shi nake kira faifan haruffa. Har gobe da shi ake aiki.

7/ Matsalarsa: an zana shi da girma ɗaya. Ka ƙara masa girma ya yi dishi-dishi, ka rage shi ya cukurkuɗe. A 2006 wasan Dead Rising ya sha ƙorafi a kan girman rubutu. An tsara shi don sababbin talabijin, masu tsohuwar talabijin mai ƙusumbi kuwa ba sa iya karanta umarnin wasan.

8/ Babban sauyi ya zo a 2007. Chris Green na kamfanin Valve ya gabatar da wata hanya a taron SIGGRAPH, wadda suka yi aiki da ita a Team Fortress 2. Maimakon kowane ɗigo ya riƙe launi, sai ya riƙe nisansa da gefen harafin. Ana kiran ta SDF.

9/ Amfaninta? Tunda injin ya san inda gefen yake, zai sake zana shi tas ko an ninka girman. Ado kuma ya zo a ɓagas: zagayen baki, inuwa, ƙyalli, kauri, duk lissafi ne a kan wannan nisan. Ba sai an sake zana wani faifan ba.

10/ Aibinta ɗaya, kusurwoyin haruffa kan dakushe. Viktor Chlumský ya magance wannan a 2015, ya rarraba bayanin nisan a launi uku: ja, kore da shuɗi. Shi kuma TextMesh Pro na Stephan Bouchard, wanda ke kan SDF, Unity ya karɓe shi a 2017 ya mai da shi kyauta.

11/ To ga inda nake so mu zo. Unicode ya fito tun 1991, kuma haruffanmu masu ƙugiya suna da lambobinsu a ciki: ƙ tana U+0199, ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƴ da ake rubutawa a Nijar tana U+01B4. Rajista dai an yi mana.

12/ Amma injin wasa abin da ke kan faifai kawai yake nunawa. Idan wanda ya haɗa faifan ya tsaya a haruffan Turanci da na Yammacin Turai, ka rubuta "ƙarfi" sai ka ga akwati sannan "arfi". Wannan akwatin ake wa laƙabi da tofu, daga nan Google ya samo sunan Noto.

13/ Ajami kuwa aikinsa ya fi haka. Daga dama yake tafiya zuwa hagu, kuma siffar harafi na canjawa a farko, tsakiya da ƙarshen kalma. Jera hotuna kaɗai ba ya isa. Godot 4.0 na 2023 ya shigo da wannan aikin cikin injin kansa, ta amfani da HarfBuzz da ICU.

14/ Ra'ayina: mutanen 1986 suna da uzuri, wuri ne babu. Mu yau ba mu da shi. Haruffa takwas ne, manya da ƙanana. Idan suka ɓace a gem, wani ne bai sa su a lissafi ba. Kuma "kasa" da "ƙasa" ba abu ɗaya ba ne.

15/ Don haka masu koyon Unity da Godot a cikinmu, kafin ku zaɓi salon rubutu don kyansa, ku gwada shi da Ƙƙ Ɗɗ Ɓɓ Ƴƴ. In babu su, ku canja, ko ku jingina masa wani salon da zai cike giɓin. Ku duba a ƙaramar waya, ba a kwamfuta kaɗai ba.

16/ Nan zan tsaya. Wanda ya taɓa cin karo da gem da ke nuna ƙugiyoyinmu daidai, don Allah ya ajiye mana sunansa a ƙasa, mu ma mu je mu gani.